Golf 3 ta ƙi juyawa bayan ruwan jiya, "ƙas" ɗaya sai shiru

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Motata Golf 3 ce, ƙirar 1996, mai giyar hannu. Jiya da la'asar na taso daga Pantami cikin ruwan nan, na iso Tumfure lafiya, na ajiye ta a ƙofar gida. Yau da safe na murza makulli, fitilun dashbod duk sun kawo, sai na ji "ƙas" sau ɗaya daga wajen injin, shi ke nan. Injin ko motsi bai yi ba. Na sake murzawa, haka dai. Hon yana yi, rediyo yana yi. Batirin bai wuce shekara ɗaya da rabi ba. Kafin in kira wani ya zo ya fara kwance-kwance, ina so in san inda matsalar ta dosa.

Hamma Adamu: Wa alaikumus salam. Batir ne wannan, Malam. Samu yaran unguwa su tura ka, ka sa giya biyu, in ta ɗauki gudu ka saki kuloci. Tana tashi ka wuce wajen mai caji.

Ɗanlami Mai Batir: Shekara ɗaya da rabi a zafin Gombe ai batir ya yi ƙoƙari. Zafi ne ke cinye batir, ruwansa ya ƙone, farantan ciki su lalace, sai sanyin damina ya tona asiri. Kawo shi in gwada maka.

Abu Sadik: A duba famfon mai ma. Tawa ta taɓa ƙin tashi bayan ruwan sama, ashe famfon ne ya mutu.

Oga Sale Rewaya: Ku dakata tukuna, kada mu haɗa cuta biyu wuri guda. Motar da injinta ke juyawa amma ta ƙi kamawa daban, motar da injinta ba ya juyawa kwata-kwata daban. Abu Sadik, taka tana juyawa ne ta ƙi kamawa, a nan ake zancen famfon mai da filogi da koyil. Ta Malam ba ta kai nan ba. Ko tankinta babu ɗigon mai, kik, wato na'urar da ke juya injin in an murza makulli, zai juya shi in dai wuta na isa gare shi. Don haka a ajiye zancen mai gefe.

Malam, amsa min waɗannan. Da ka murza makulli, fitilun dashbod suna nan da haskensu ko suna dushewa? "Ƙas" ɗin sau ɗaya ne ko a jere yake zuwa, ƙas-ƙas-ƙas? Kuma a makonnin nan ka lura tana jan jiki wajen tashi?

Baban Ilham: Oga Sale na gode. Fitilun suna dushewa sosai, kamar za su mutu, in na saki makulli su dawo. "Ƙas" sau ɗaya ne. Kuma e, kwanan nan takan yi nauyi wajen tashi, musamman in na kashe ta da zafinta na dawo ba da jimawa ba.

Alhaji Bappah: Don Allah kada a tura motar nan. Adamu, kai direba ne, bai kamata ka manta mutumin ya ce cikin ruwa ya shigo ba. Malam, ka ratsa ruwa mai zurfi a hanya?

Baban Ilham: Akwai wani kwari da ruwa ya taru, Baba Alhaji, ya kai rabin taya ko ya ɗan fi. Na bi a hankali.

Alhaji Bappah: To ka ji. Lokacin da nake jan 504 tsakanin Gombe da Yola, a gabana wani abokin aikinmu ya kashe injinsa a kan wannan. Ya faɗa ruwa bayan Kaltungo, mota ta mutu, ya murza ya ji "ƙas", fasinjoji suka ce a tura. Aka tura a gangara, ya saki kuloci, sai muka ji ƙara kamar an buga guduma. Da aka buɗe injin, sandar fistin ɗaya ta lanƙwashe. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. In ruwa ya cika silinda, fistin ya taso ya same shi, dole wani abu ya karye. Kik ba shi da ƙarfin yin ɓarna sosai, yakan tsaya ne kawai, amma nauyin mota a gangara yana da shi. Kik ɗin da ya tsaya gargaɗi yake yi maka.

Hamma Adamu: Baba, da girmanka, amma ba irinta ba ce. Waccan a cikin ruwan ta mutu. Wannan ta fito, ta hau har Tumfure da ƙafarta, shi da kansa ya kashe ta. Da ta sha ruwa, a wurin za ta tsaya.

Injiniya Nura: Hamma yana da hujja, da wuya ruwan hanya ne. Sai dai akwai wata hanya ta biyu da ruwa ke shiga silinda: in gasket ɗin kan injin ya fara ci, ruwan lagireto kan tsiyaya ciki cikin dare, da safe injin ya ƙi juyawa. A tsohuwar mota ba abin mamaki ba ne. Kuma tabbatarwar ba ta cin ko sisi. Malam, buɗe akwatin matatar iska ka taɓa ta, a jiƙe take ko a bushe? Zaro sandar gwajin baƙin mai, ka ga ko ya koma kalar shayi mai madara ko ya haura alama. Duba ruwan lagireto ko ya ragu. Sannan ka cire makulli, ka sa giya a firi, ka ja birkin hannu, a sa sifana a kan notin babbar fulin da ke ƙasan injin, a juya shi ta yadda hannun agogo ke tafiya. Zai yi tauri ya saki, ya yi tauri ya saki, wannan lafiya ce. In ya kafe wuri ɗaya kamar an yi masa walda, a tsaya, a cire filogi duka huɗun kafin a sake taɓa komai.

Alhaji Bappah: Abin da nake so ke nan. A duba kafin a tura, ban ce lallai ruwa ne ba.

Baban Ilham: Na duba. Matatar iska a bushe take ƙayau. Baƙin mai yana daidai alamarsa, baƙi ne yadda na san shi. Ruwan lagireto bai ragu ba. Akwai wani yaron maƙwabcinmu da ke koyon kanikanci, ya kawo sifana, injin ya zagaya har sau biyu ba tare da ya kafe ba.

Alhaji Bappah: Alhamdulillahi. Injin ya fita daga zargi.

Hamma Adamu: To yanzu sai a tura.

Oga Sale Rewaya: Turin zai tayar da ita, ban musa ba. Amma ina za shi da ita? Ya je makaranta ya kashe, a sake neman masu turi? Kuma in matsalar ta shafi caji, tana iya mutuwa masa a tsakiyar titi wajen Tashar Dukku da rana tsaka. Tunda a gida take, a gano cutar a gida.

Ɗanlami Mai Batir: Ai an riga an gano. Ya ce fitilu na dushewa in ya murza. Batir mai lafiya ba ya haka. Malam, kunna manyan fitilun gaba ka sa wani ya tsaya ya gani in ka murza.

Baban Ilham: Na yi. Kafin in murza haskensu garau. Ina murzawa sai su koma ja-ja kamar garwashi, da kyar ake ganinsu.

Ɗanlami Mai Batir: Kun gani ko? Batir ya mutu.

Oga Sale Rewaya: Ɗanlami, abu uku ne ke sa fitila ta yi haka, batir ɗaya ne kawai daga ciki. Ko batirin ya raunana, ko akwai inda waya ba ta kama da kyau ba tsakanin batir da mota, ko kuma kik ɗin ne ya cije yana zuƙar wuta ba ya juyawa. Da ido duk kamarsu ɗaya. Na sha ganin mutum ya sayi sabon batir, da kuɗin da batir ya kai yanzu, a ɗaura, mota ta yi "ƙas" yadda take yi da tsohon. Shi ya sa ba na yarda a sayi komai sai an sa mitar auna wuta.

Malam, akwai mai haɗa sola a kusa da kai? Duk suna da mita. Aro mini ita na minti goma.

Maman Walid: Sannunku da ƙoƙari. Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda zancen ya zo. Corolla ce mai giyar otomatik, tsohuwa ita ma. Wani lokaci in na murza shiru nake ji gaba ɗaya, ko "ƙas" ɗin babu, fitilu kuma ba sa dushewa. In na jijjiga sandar giya sai ta tashi. Ita ma batir ne?

Oga Sale Rewaya: Hajiya, taki ba batir ba ne. Motar otomatik tana da wani makunni a jikin giya da ke hana kik aiki sai giyar na kan P ko N, don kada mota ta zabura da mutum. In ya tsufa ko ya goce daga saitinsa, motar ba ta gane cewa kin sa P. Ran da ta sake yi, taka birki ki mayar da giya N ki murza. In ta tashi nan take, shi ne. Wani lokaci saiti kawai yake so, wani lokaci wankewa. Kada ki bari kowa ya ce zai haɗe wayoyinsa ya tsallake shi, don daga ranar motar za ta iya tashi a cikin giya, kuma akwai yara a gida. Sannan kada wanda ya ce a tura miki ita, otomatik ba ta tashi da turi.

Maman Walid: Allah ya saka da alheri, Oga. Zan gwada.

Baban Ilham: Na samo mitar. Mai ita ya saita min a kan 20 na ɓangaren batir. Yaya zan yi?

Injiniya Nura: Ɗora jan tsinken a kan sandar batir mai alamar +, baƙin a kan mai alamar −. Ka kula, a kan dalmar sandar kanta za ka ɗora, ba a kan maƙalin da ya rungume ta ba, bambancin yana da muhimmanci a abin da muke nema. Karanta lambar mota na kashe. Cikakken batir yana ba da bolt 12.6 ko kusa, 12.2 ya kai wajen rabi, ƙasa da 12 ya sauka sosai. Bayan nan ka bar tsinkayen a wurin, yaron ya murza makulli ya riƙe na daƙiƙa uku zuwa biyar, ka karanta lambar a daidai lokacin. Wannan ta biyun ita ce mai magana.

Baban Ilham: A kashe 12.5. Da ya murza ta sauka 12.1, fitilu kuma sun dushe kamar ɗazu.

Injiniya Nura: To batirinka ba shi da laifi a wannan shari'ar. Duba yadda abin yake. Kik na injin fetur mai silinda huɗu yana jan wuta fiye da amfiya 100 in yana aiki. Batir mai lafiya in aka ɗora masa wannan nauyin yakan sauka wajen 10 zuwa 11, ƙa'ida dai kada ya gaza 9.6. Mataccen batir kuwa zai faɗi ƙasa warwas, 7 ko 6 ko ƙasa da haka. Kik ɗin da ya cije ma zai ja lambar ƙasa sosai, har wayoyi su yi zafi. Naka daga 12.5 zuwa 12.1 kawai ya motsa, ke nan ba a ma ɗora masa nauyin ba. Wutar tana cikin batir, fitilu kuma suna mutuwa. Ma'ana a kan hanya take maƙalewa.

Ɗanlami Mai Batir: Ni dai na san akwai batirin da zai nuna maka 12.5 kuma ba shi da komai a ciki.

Injiniya Nura: Gaskiya ne, akwai shi, shi ya sa ba mu tsaya a lambar farko ba. Irin wannan batirin da an murza makulli yake rushewa. Wannan bai rushe ba.

Ɗanlami Mai Batir: To na ji. Amma ya kawo shi in duba ruwansa ko ba yau ba.

Abu Sadik: Abin da ban gane ba, in waya ce ba ta kama ba, me ya sa hon da rediyo da fitilu ke aiki? Ai da duk sun mutu tare.

Oga Sale Rewaya: Ƙofar zaure ce da aka toshe aka bar 'yar kafa. Akuya ɗaya za ta wuce ba ta ma san an toshe ba, amma koro garken shanu ka gani. Rediyo wuta kaɗan yake ci, manyan fitilu biyu ba su wuce amfiya 10 ba, kik kuma ka ji abin da Injiniya ya ce. Shi ya sa "ai hon yana yi" ba shaida ba ce a wajenmu.

Malam, cire kawunan batirin ka wanke. Fara cire na −, shi ne kuma na ƙarshe wajen mayarwa. Dalili, in ka fara da na + sifanarka ta taɓa jikin mota, wuta za ta tashi a hannunka. Cire agogo da zobe in kana da su. Goge sandunan da cikin maƙalan da samfefa har ƙarfe ya yi haske, ka ɗaure tamau yadda hannu ba zai iya juya su ba.

Alhaji Bappah: In akwai farin garin nan ko kore a kai, jiƙa 'yar kanwa a ruwan ɗumi ka zuba, za ka ga yana tafasa yana narkewa. Kanwa tana kashe kaifin asid. Mu da ita muka saba tun kafin a fara zuba lemon kwalba, wanda ke barin sukari ƙudaje da tururuwa su taru. Ka dai kula kada ta shiga cikin ramukan batirin, kuma ka ɗauraye da ruwa mai kyau.

Baban Ilham: Na cire na wanke da kanwar, na goge, na ɗaure. Dattin ba shi da yawa. Na tarar da wata 'yar ƙusa da aka cusa a maƙalin − don ya kama, ban san da ita ba, na cire. Na murza, "ƙas" ɗin nan dai. Maƙwabcina ya kawo motarsa da wayoyin jona batir, muka jona ja da ja, baƙi da baƙi, muka bar tasa tana aiki. Ba abin da ya canza.

Hamma Adamu: Batir biyu sun kasa, ai magana ta ƙare, kik ne. Burushinsa ya cinye. Sa yaron ya ɗan ƙwanƙwasa shi da sifanar taya kana murzawa, zai tashi. Mu a hanyar Bauchi haka muke yi har mu iso gida.

Abu Sadik: Ko a sa sukudireba a haɗa manyan notocin bayan kik ɗin kai tsaye.

Oga Sale Rewaya: Abu Sadik, wannan kada ka koya wa wanda bai saba ba. Babbar wayar da ke zuwa kik daga batir take kai tsaye, babu fiyus a tsakani. Sukudireba ta goce ta taɓa jikin injin, za ta narke a hannunsa. In kuma an manta mota a giya, shi da ke tsaye a gabanta za ta fara takawa. Ni da nake yi kullum sai na leƙa giya da idona tukuna.

Ƙwanƙwasawa kuwa, Hamma, tana aiki in burushi ne ya maƙale, ban hana ba in a daji mutum yake. Amma a hankali, don da yawa daga kik na motocin nan maganaɗisu ne manne a cikin gwangwaninsu, duka mai ƙarfi na fasa shi, kik ɗin da burushi kawai yake nema ya koma na zubarwa. Kuma a nan ba na zargin burushi. In burushi ya cinye, wuta ba ta wucewa ta cikin kik, fitilu ba za su dushe ba, za su tsaya da haskensu. Nasa suna dushewa.

Injiniya Nura: Malam, tambaya ɗaya. Da kuka jona, baƙar wayar a ina kuka maƙala ta a ɓangaren motarka? A kan batir ko a jikin injin?

Baban Ilham: A kan batir, wajen alamar −.

Injiniya Nura: To jonawar ba ta wanke kowa ba. Kun kawo wuta ta biyu kun zuba ta a bayan toshewar, ta bi layin da ta farko ta kasa wucewa. Yadda ake so a jona, maƙali na ƙarshe, wato baƙin, a jikin ƙarfen injin motar da ta mutu ake sa shi, nesa da batir. Asalin dalilin shi ne batir yana fitar da iskar haidurojin, tartsatsi a kusa da shi na iya fasa shi. Amma a irin matsalarka yana da amfani na biyu, don yana tsallake wayar at gaba ɗaya, wato baƙar wayar da ke haɗa sandar − da jikin mota da injin.

Mutane suna mantawa wuta zuwa take yi ta dawo. Tana fita ta jar waya zuwa kik, ta dawo ta jikin injin da giya, ta bi baƙar wayar nan mai kauri zuwa sandar −. Duk abin da ya fita sai ya dawo ta nan. Mu gwada ta. Baƙin tsinken mita a kan dalmar sandar −, jan tsinken a kan wani ƙarfe mai tsabta a jikin injin, inda babu fenti ko maiƙo. A kashe za ka ga sifili. Yaron ya murza ka karanta. Waya mai lafiya ba za ta kai rabin bolt ba.

Baban Ilham: Ikon Allah. A kashe 0.0. Da ya murza ta haura 8, tana rawa wajen 8.7. Kuma da na taɓa baƙar wayar kusa da maƙalin, da zafi.

Oga Sale Rewaya: Ga ɓarawon nan. Bolt takwas da wani abu suna ƙonewa a cikin wayar da bai kamata ta ci ko ɗaya ba, abin da ya rage wa kik bai isa ya juya komai ba, iyakarsa solonayid, wato makunnin da ke jikin kik, ya buga "ƙas". Zafin da ka ji wutar da ta ɓace ce. Yanzu ɗauki baƙar wayar jonawar nan ita kaɗai, baki ɗaya a kan − na batirinka, ɗaya bakin a jikin injin, wajen ƙarfen da ake rataya injin in za a ciro shi. Ba ka bukatar motar maƙwabci. Giya a firi, birkin hannu a sama, ka tabbata wayar ba ta kusa da fanka ko bel. Murza.

Baban Ilham: Allahu Akbar! Bugu ɗaya ta tashi! Kuma da wani irin sauri da na daɗe ban ji ta yi ba.

Alhaji Bappah: Masha Allah. Barka, Malam.

Hamma Adamu: Barka. Oga Sale da Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ni da kik zan kwance.

Baban Ilham: Na kashe ta, na cire wayar at ɗin gaba ɗaya don in gani da idona. Daga waje lafiyarta ƙalau, robar ko tsagewa ba ta yi ba. Sai da yaron ya yanka robar da reza daga wajen maƙalin. Wajen tsawon ɗan yatsa duk ya zama koren gari, yana zuba a tafin hannu. Silin tagullar da suka rage a haɗe ba su fi a ƙirga da yatsu ba, su ma sun yi baƙi, ina lanƙwasawa suna karyewa. Can ƙasa inda ta kama jikin mota kuma notin ya yi tsatsa, akwai laka a jiƙe a ƙarƙashinsa.

Oga Sale Rewaya: Haka take yi. Tururin asid daga batir yana bin cikin robar yana cin tagulla a ɓoye, shekara da shekaru. Ƙusar nan da aka cusa ta ƙara buɗe masa hanya, don maƙalin bai taɓa zama daidai ba. Nauyin da ka ce tana yi in ta yi zafi, wayar ce take faɗa maka. Ruwan jiya ƙarasa ta kawai ya yi.

Kada ka yarda a yanke wurin da ya ci a murɗa sauran a mayar, cin ya wuce inda ido ke gani. Sayi sabuwa, kaurinta kada ya gaza na tsohuwar, in ya fi ma babu laifi. Ka lura a kasuwa, akwai wayar da alminiyom ce aka shafa mata ruwan tagulla. Kankare bakinta da wuƙa, in cikin fari ne ajiye musu, kuma za ka ji ba ta da nauyi a hannu. Gara ta gwanjo da aka ciro daga wata motar in dai tagulla ce zalla kuma ka fere bakinta ka ga ja. A matse kawunan da kyau, ba a bubbuga da dutse ba. Inda za ta kama jikin mota da inda za ta kama giya, a goge har farin ƙarfe ya fito. Sai an ɗaure tukuna a shafa giris ko basilin a kai.

Injiniya Nura: Kuma kada ka yi ta yawo da ita a haka kana cewa ai turi na tayar da ita. In babbar hanyar dawowa ta toshe, wuta tana neman wata, takan bi ƙananan wayoyin at ko wayar totur ko ta kuloci, ta ƙona su. Cajin altaneta ma ta wannan wayar yake komawa batir. In an sa sabuwar, sake gwajin nan na sandar − da jikin injin, sannan ka yi irinsa a jar wayar, daga sandar + zuwa babban notin kik, tunda shekarunsu ɗaya. Daga nan ka auna batir injin yana aiki, ana so a ga tsakanin 13.8 da 14.4.

Ɗanlami Mai Batir: Maƙalin ma a canza shi, kada a mayar da mai ƙusar. Ina da na tagulla. Kuma tunda ya daɗe ba ya samun caji yadda ya kamata, a duba ruwan batirin, in ya sauka a ƙara masa tataccen ruwan batir, ba na rijiya ko na leda ba.

Oga Sale Rewaya: Wannan gaskiya ne, Ɗanlami.

Baban Ilham: Jama'a, an gama. Na hau Keke na shiga gari na samo wayar gwanjo mai kauri da sabon maƙali, wani rewaya ya matse min kawunan, muka ɗaura da yaron. Gwajin at ya ba da 0.2, na jar waya 0.3. Batir yana sauka 10.6 lokacin murzawa, injin na aiki kuma 14.1. Na kashe ta da zafinta na sake tayarwa, babu nauyin nan. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara wa Baba Alhaji lafiya.

Alhaji Bappah: Amin. Ka sallami yaron nan da kyau, ya yi aiki.

Maman Walid: Oga Sale, tawa ta sake yi yanzu a bakin kasuwa. Na taka birki na sa N, ta tashi nan take.

Oga Sale Rewaya: To makunnin giyar ne, Hajiya. Ki kai a saita shi cikin makon nan, ki ce a fara da wankewa da saiti kafin a yi zancen sabo.